Fatar da ke Saɓewa a Cikin Tanki: Yadda Sauyin Fetur Ya Riski Tsofaffin Babura

Alamar farko ba ta da wani ban tsoro. Babur yana cikin tafiya lami lafiya a kan buɗaɗɗiyar hanya, sai inji ya fara shaƙewa kamar wanda mai ya yanke masa, alhali tanki cike yake. Mahayi ya ratse gefe, ya ɗan jira, ya buga kik, babur ya tashi kamar babu abin da ya faru. Bayan 'yan kilomitoci kuma a koma gidan jiya. Za a canza fulogi, a wanke kafireta, a zargi waya da kwayil, kafin wata rana a kwance famfon mai da ke ƙarƙashin tanki a tarar da 'yar rariyarsa ta toshe da wani abu mai yauƙi. Idan aka haska tocila ta bakin tankin, sai a ga wata fata, fara ko ruwan ƙasa, ta ɗaye daga jikin ƙarfe tana lilo a cikin fetur kamar saɓar maciji.

Wannan fata wani shafe ne da wani mai babur ya zuba shekaru ashirin ko talatin da suka shige, da kyakkyawar niyyar kare tankin daga tsatsa. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 masu riƙe da tsofaffin babura a Amurka, daga baya kuma a Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, suka riƙa cin karo da ita. Yawancinsu sun ɗora laifin a kan itanol, wato barasar da ake gaurayawa da fetur a yau. Suna da gaskiya, amma ba duka ba, domin matsalar ta girmi itanol ɗin da ke gidajen mai na wannan zamani.

Tankin babur abu ne mai numfashi. A murfinsa akwai wata 'yar ƙofa da iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha, in ba haka ba man ba zai sauko ba, tunda a tsofaffin babura babu famfon lantarki da ke turo shi. Nauyinsa ne kawai ke gangaro da shi zuwa kafireta. Iskar da ke shiga tana ɗauke da laima. Da dare idan ƙarfe ya huce, laimar ta zama raɓa a jikin bangon ciki, ta ɗiga ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka sai ya kwanta a can ƙarƙashi, a lungunan baya na hagu da dama inda aka haɗa faifan ƙarfe da walda. Masu ƙera motoci sun daɗe suna lulluɓe ƙarfen tankinsu da gaurayen dalma da kuza, amma cikin tankin babur galibi tsiraren ƙarfe ne. Muddin ana hawan babur kullum, ana zuba sabon mai, ruwan ba ya samun zama. Ajiya ce ke kashe tanki. Babur ɗin da aka jingine a rumfa shekara goma da rabin tanki, tsatsa za ta ci shi daga ciki zuwa waje, har ranar da fenti zai yi ƙuraje, a taɓa ɗaya da farce a ga fetur yana tsattsafowa ta hudar da ba ta fi tsinin allura ba. A ƙarƙashin wannan huda kuwa kan inji ne mai zafi.

Dabarar zuba wani ruwa a cikin tanki a jujjuya shi ya bushe ya zama fata, daga sana'ar jiragen sama aka aro ta. A 1926 wasu masana sinadarai biyu a birnin Kansas na Amurka, Joseph Patrick da Nathan Mnookin, suna neman haɗa ruwa mai araha da zai hana lagireton mota daskarewa a lokacin sanyi, sai suka ƙare da wani danƙo mai wari wanda ya toshe musu magudanar ɗakin gwaji, kuma duk abin da suka zuba masa ya ƙi narkewa. Taurin kan nan nasa shi ya zama darajarsa. Suka raɗa masa suna Thiokol, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin farar wuta da gam. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, da masu ƙera jirage suka koma zuba mai kai tsaye a cikin fiffike maimakon rataya tanki daban, kowace ƙusa da kowace mahaɗa ta zama wurin yoyo, kuma irin wannan danƙo ne ya riƙa toshe su. Daga nan aka samu shafe masu ruwa-ruwa waɗanda ake zubawa, a karkata tanki ta kowace fuska, a tsiyaye ragowar. Masu ƙananan jirage sun yi amfani da su sosai, kuma su ne suka fara ganin yadda shafen ke ɗayewa bayan shekaru ya toshe bututun mai, abin da a sararin sama ba a ratse gefe a jira.

Zuwa shekarun 1980, lokacin da masana'antar babura ta Birtaniya ta riga ta durƙushe kuma baburanta suka fara zama kayan tarihi, wannan dabara ta shigo shagunan kayan gyara a cikin 'yan gwangwanaye. Sunaye irin su Kreem a Amurka da Petseal a Birtaniya suka zama sanannu ga duk mai farfaɗo da tsohon babur. Dalilin karɓuwarsu a fili yake. Tankin asali mai fentin kamfani da tambarinsa shi ne fuskar babur, kuma wani lokaci shi ne ɓangaren da ya fi wuyar samu. Walda tana ƙona fenti. Shafe kuwa yana yin aikinsa a ɓoye, a yini ɗaya, da kuɗi kaɗan. Mutane da yawa ma sun riƙa zuba shi a tankunan da ba su da ko ɗigon tsatsa, wai don riga-kafi, irin abin nan da Bahaushe ke cewa garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma wani rukunin tankuna da ba na ƙarfe ba ne kwata-kwata. A shekarun 1960 faiba, wato zaren gilashi da aka jiƙa da ƙaron foliyesta ya daskare, ita ce abin yayi. Ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, kuma ƙaramin kamfani zai iya fitar da kowace irin siffa da ita ba tare da sayen manyan injinan matse ƙarfe ba. Royal Enfield ya saka jan tankin faiba a kan Continental GT na 1965. Kamfanonin Sifaniya irin su Bultaco da Montesa da Ossa sun dogara da ita. Amma wanda labarinsa ya fi fito da al'amarin fili shi ne Norton Commando, da aka fara nunawa a baje-kolin Earls Court na Landan a 1967, ya shiga kasuwa a 1968. Babur ne mai silinda biyu, mai girman inji 745cc, wanda aka ɗora injinsa a kan robobi domin rage jijjiga, kuma masu karanta jaridar Motor Cycle News suka zaɓe shi gwarzon babur na shekara sau biyar a jere, daga 1968 zuwa 1972. Samfurinsa na farko, Fastback, da tankin faiba ya fito, haka ma Roadster na farko-farko. Aibin faiba shi ne a haɗari ba ta lotsewa kamar ƙarfe. Tsagewa take yi ta watsa fetur a kan mahayi da inji. Saboda haka daga 1973 dokar Birtaniya ta wajabta tankin ƙarfe ga sababbin ababen hawa, Norton ma ya koma ƙarfe. Dubban tankunan faiba da aka riga aka sayar suka ci gaba da zama a kan baburansu, kuma sun yi shekaru talatin da ɗoriya ba su ba kowa ciwon kai ba.

Fetur ne ya sauya a ƙarƙashinsu

Abin da ake kira fetur ba abu ɗaya ba ne. Gauraye ne na ɗaruruwan sinadarai, kuma abin da ke ciki ya sha sauyawa bisa ga dokoki da siyasa da farashi. Babbar matsalar masu ƙera inji a farkon ƙarni na 20 ita ce idan aka matse mai da iska sosai domin samun ƙarfi, man yakan fashe kafin lokacinsa, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana dukan sa da guduma. Tun a wancan lokacin an san cewa itanol yana maganin wannan. Sai dai a watan Disamba na 1921 Thomas Midgley, injiniya a ɗakin binciken General Motors ƙarƙashin Charles Kettering, ya gano cewa ɗan ƙanƙanin sinadarin dalma yana yin aikin da sai an zuba itanol mai yawa kafin a samu. An fara sayar da fetur mai dalma a Dayton ta jihar Ohayo a watan Fabrairun 1923. A watan Oktoban 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke New Jersey bayan gubar ta haukatar da su, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka ɗan dakatar da sayarwa, sannan aka ci gaba. Masana tarihi da dama sun lura da cewa dalma tana da abin da itanol ba shi da shi: ana iya yi mata rajistar mallaka a karɓi riba a kan kowane galan, alhali barasa kowane manomi mai masara zai iya dafa ta.

Duk da haka itanol bai ɓace gaba ɗaya ba. A Birtaniya an sayar da wani fetur mai gaurayen barasa da ake kira Cleveland Discol tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa 1968. Abin lura a nan shi ne shekarar da ya bar gidajen mai ita ce shekarar da Commando ya shiga kasuwa. Waɗanda suka zaɓi ƙaron da aka yi tankinsa da shi, da waɗanda suka haɗa shafen gwangwani bayan su, duk sun yi lissafinsu ne a kan fetur marar barasa, kuma ba su da dalilin zaton zai dawo.

Dalma ta fara barin fetur a Amurka daga 1975, lokacin da sababbin motoci suka fito da na'urar tace hayaƙi a salansa, wadda dalma ke kashewa. Binciken masana irin su Clair Patterson ya riga ya nuna yadda gubar ta cika iska da ƙasa da jinin mutane. Amurka ta haramta ta ga motocin kan hanya a farkon 1996, Birtaniya a farkon 2000, ƙasashen Afirka kudu da Sahara zuwa farkon 2006, sannan Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Wannan ɗaya ce daga cikin manyan nasarorin kiwon lafiyar jama'a, kuma babu tsohon babur ɗin da ya kai darajar ƙwaƙwalwar yaro guda. Amma gurbin da dalma ta bari dole a cike shi. Matatun Amurka suka rungumi wani sinadari da ake kira MTBE, musamman bayan gyaran dokar tsaftar iska na 1990 ya buƙaci fetur mai ƙonewa da tsafta a biranen da hayaƙi ya yi wa yawa. Tsugunne ba ta ƙare ba. MTBE yana narkewa a ruwa, kuma idan ya yoyo daga tankunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen mai yakan bi jijiyar ruwa ya yi nisa. A 1996 birnin Santa Monica na Kaliforniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa saboda shi. Daga 2004 Kaliforniya da New York da Connecticut suka hana amfani da shi, kuma abin da ke kusa da hannu, wanda manoman masara suka daɗe suna yi wa fafutika, shi ne itanol. Dokar makamashi ta 2005 ta wajabta gauraya shi, ta 2007 kuma ta ɗaga burin zuwa galan biliyan 36 na man da ake samu daga tsirrai zuwa 2022. Cikin 'yan shekaru E10, wato fetur mai itanol har kashi 10 cikin 100, ya zama man yau da kullum a Amurka. Barazil kuwa ta riga Amurka, da shirinta na barasar rake da ta ƙaddamar a 1975 bayan tashin farashin mai na 1973.

Masu jiragen ruwa ne suka fara jin jiki. A gaɓar New York da Connecticut, jim kaɗan bayan sauyin 2004, masu tsofaffin kwale-kwalen inji masu tankin faiba suka fara samun wani baƙin danƙo a kan bawul ɗin injinansu, wanda idan inji ya huce yakan daskare ya riƙe bawul ɗin, a tashi inji da safe wani ƙarfe ya lanƙwashe. Da aka bincika, sai aka gano ƙaron tankin ne itanol ke narkarwa a hankali, ya bi mai ya shiga inji. Abin da ya sami Commando da Bultaco ke nan daga baya: bangon tanki ya yi laushi, fenti ya kumbura, maƙogwaron kafireta ya riƙa liƙewa. Matsalar ba ta tsaya ga tsofaffi ba. A 2010 masu sababbin baburan Ducati suka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Kaliforniya saboda tankunansu na robar nailan suna kumbura suna sauya siffa, kuma an ƙare da sulhu.

Duk bakaniken bakin hanya ya san dabarar goga sabulu a kan tankin da ke yoyo. Tana aiki ne domin fetur ba ya narkar da sabulu, ko da yake ruwa na narkar da shi. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar al'amarin gaba ɗaya: kowane ruwa yana da abin da yake narkarwa da abin da ya fi ƙarfinsa. Fetur dangin mai ne, ba ya shiri da ruwa. Itanol kuwa ɗan gida biyu ne, yana gauraya da fetur, yana gauraya da ruwa, kuma yana iya kutsawa cikin robobi da danƙon da tsantsar fetur ba ya taɓawa. Da yawa daga cikin tsofaffin shafen tanki ba sa daskarewa ta hanyar sauyin sinadari. Danƙo ne kawai aka narkar a cikin wani ruwa mai saurin bushewa, ruwan ya tashi ya bar fata. Abin da aka narkar sau ɗaya ana iya sake narkar da shi. Itanol yana ratsa fatar, ta sha ta kumbura, ƙarfen da ke bayanta kuwa ba ya kumbura, sai ta fara ɗagowa daga wurin da riƙonta ya fi rauni.

Sai kuma batun ruwa. Tsantsar fetur ba ya iya riƙe ruwa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. E10 yana iya shanye kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, abin da a babur ɗin da ake hawa kullum alheri ne, domin yana kwashe raɓar ya ƙona ta. Amma a tankin da ke ajiye, idan ruwan ya wuce wannan iyaka, musamman a lokacin sanyi, sai gaurayen ya rabu biyu. Itanol ya bar fetur ya bi ruwa, su kwanta tare a ƙasa, daidai lungunan nan da tsatsa ta fi so, daidai kuma inda famfon mai ke zuƙa. Idan wannan ruwa ya samu ƙofa ya shiga bayan fatar shafe, ba ya bushewa. Ƙarfe yana ruɓewa a ɓoye a bayan abin da aka saka don ya kare shi.

A nan ne ya kamata a yi wa itanol adalci. Masu sana'ar gyaran tanki sun daɗe suna ganin shafe ya ɗaye tun kafin E10. Fata ba ta kama jikin ƙarfen da ke da maiƙo, ko tsatsar da ba a kankare ba, ko laimar da ba ta gama bushewa ba, kuma cikin tanki wuri ne da hannu ba ya kaiwa, ido ma ba ya ganin rabinsa. A baburan da ake gauraya musu baƙin mai da fetur, maiƙon ya ratsa kowace mahaɗa. Mutumin da ya sayi gwangwani ranar Asabar yana son hawa babur ranar Lahadi da wuya ya ba aikin kwanakin da yake buƙata. A mafi yawan lokuta itanol tona asiri ya yi. Ya riski aikin da tun farko ba a yi shi da kyau ba, ya gaggauta abin da da ma yana tafe.

Cirewa ta fi zubawa wuya

Wanda ya tarar da irin wannan fata a tankinsa, abu na farko da zai yi shi ne ya daina hawan babur ɗin. Toshewar mai ba ta tsaya ga mutuwar inji a tsakiyar titi ko a lokacin da ake ƙoƙarin wuce babbar mota ba. Injin da ke samun mai ƙasa da kima a cikin gudu yana ɗaukar zafi fiye da ƙa'ida, har fistin ya iya hujewa ko ya liƙe. Zuba sabon shafe a kan tsoho kuwa ɓata kuɗi ne, domin sabon zai riƙe tsohon ne, tsohon kuma bai riƙe komai ba.

Masu aikin sukan fara da ciro ɗan yanki na fatar su jefa a kwalba mai asiton. Idan ya narke ko ya yi laushi, an yi sa'a: a kwance famfo, a toshe ƙofofi, a naɗe fenti da kyau domin ɗigon asiton ɗaya yana cin sa, a zuba a bar shi kwanaki ana jujjuyawa, a tsiyaye a maimaita. Ana zuba ƙananan notuna ko guntun sarƙa a girgiza domin su kankare abin da ya rage, kuma mai hankali yana ƙirga su kafin ya zuba. Idan kuwa yankin ya zauna daram a cikin asiton, to shafen na dangin foliyuritan ne ko ifoksi, waɗanda ke daskarewa ta sauyin sinadari. Abin da ke cin irin waɗannan a da shi ne ruwan kankare fenti mai sinadarin metilin kulorayid. Sai dai tururinsa ya kashe mutane da dama da suka yi aiki da shi a rufaffen wuri, domin yana sumar da mutum kuma jiki yana mayar da shi gubar da ke cikin hayaƙin gawayi. Tarayyar Turai ta janye shi daga hannun jama'a tsakanin 2010 da 2012, Amurka ta bi sahu a 2019. Ke nan a daidai shekarun da shafe suka fi ɗayewa, maganin da ya fi cire su ya bar kasuwa. Abin da ya rage ga tanki mai taurin kai shi ne a kai shi wurin ƙwararru su yanke cikinsa ta ƙasa, su feshe shi da yashi, su mayar su yi walda. Wannan ba aikin gwaji ba ne. Tururin fetur yana fashewa idan ya kai tsakanin kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iska, don haka tankin da ake ganin babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari a gaban wuta.

Bayan fata ta fita sai a fuskanci tsatsar da ta ɓoye. Wasu suna amfani da asid ɗin fosforik, wanda ke cinye ta ya bar wani siririn lulluɓi ruwan toka a kan ƙarfe. Wasu kuma suna cika tankin da ruwa da sodar wanki, su rataya sandar ƙarfe a tsakiya ba tare da ta taɓa bango ba, su haɗa wayar cajar batir mai alamar ƙari a jikin sandar, mai alamar ragi a jikin tanki, wutar ta riƙa ɓamɓaro tsatsar a hankali. Ko wace hanya aka bi, busarwa ita ce wurin da aka fi faɗuwa, domin tsiraren ƙarfe mai laima yana fara ja cikin mintuna.

Daga nan ra'ayi ya rabu, kuma har yau bai haɗu ba. Wasu suna zuba sabon shafe na ifoksi mai kashi biyu, ɗan uwan aradait ɗin da kowa ya sani amma wanda aka haɗa domin jure barasa. Wasu kuma, waɗanda suka sha wahalar cire na farko, sun rantse ba za su sake zuba komai ba: idan ƙarfe yana da lafiya a bar shi tsirara, a saka matata a tiyo, a riƙa hawa, idan ya huje a toshe da dalma ko walda. Hujjar waɗannan ta fi nauyi ga tankin da ba ya yoyo, domin kowane shafe alkawari ne da aka ɗauka a kan fetur ɗin da ba a san yadda zai kasance nan da shekaru ashirin ba. Tankin faiba ne ba shi da wannan zaɓi. Asiton da zai wanke shi yana iya cin jikinsa, ƙaronsa ya riga ya sha mai na rabin ƙarni, kuma ko da shafe ya kama, ƙaramar tsaga ɗaya a bakin murfi ko gindin famfo ta isa itanol ya kai ga bango.

Masu ababen hawa a Nijeriya sun ɗanɗani wani ɓangare na wannan a watan Fabrairun 2022, lokacin da shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa an samu metanol, wani ɗan uwan itanol da ya fi shi cin roba da ƙarfe, a cikin fetur ɗin da jiragen ruwa huɗu suka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam. Janye man daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a Abuja da Legas, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar injinansu. Wancan kuskure ne na 'yan makonni. A Turai kuwa sauyin na dindindin ne kuma da gangan aka yi shi. Faransa ta fara sayar da E10 a 2009, Jamus a 2011 inda direbobi suka yi ta ƙaurace masa da farko. Birtaniya ta mayar da shi man yau da kullum a watan Satumban 2021, gwamnati tana cewa zai rage hayaƙin kabon da kimanin tan 750,000 a shekara, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na motocin fetur za su iya shan sa. Ga sauran, waɗanda tsofaffin babura ke cikinsu, an bar fetur mai tsada na E5, mai itanol har kashi 5 cikin 100, da alkawarin sake duba matsayinsa bayan shekaru biyar. Ƙungiyar FBHVC, wadda ke wakiltar kulob-kulob na masu tsofaffin ababen hawa a Birtaniya, ta sa an gwada magungunan da ake ɗigawa a fetur, kuma abin da suke iya yi shi ne rage tsatsa; ba sa hana itanol cin ƙaro ko roba.

Shi ya sa da yawa daga cikin Commando na farko da ke yawo a hanyoyin Birtaniya da Amurka a yau ba da tankinsu na asali suke tafiya ba. An ƙera musu sabo na ƙarfe ko alminiyam mai siffar tsohon, wasu daga ƙananan maƙeru a Ingila, wasu daga Indiya, aka yi masa fenti da tambarin Norton. Na faiban kuwa an tsiyaye shi, an busar, an naɗe shi a bargo an ɗora a kan kanta, domin duk ranar da za a sayar da babur ɗin, mai saye zai tambaya ko yana nan.